Filin Tambaya da Amsa: Tataccen wiwi, na sinadari da wanda ba na sinadari ba

Wasiƙun wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suka taru: tataccen wiwi, wato danƙo ko man da ake cirowa daga tabar wiwi, wanda yanzu hotunansa suka cika intanet. Masu amsawa su ne waɗanda kuka saba da su a wannan fili: mai harhaɗa magunguna, likitan ƙwaƙwalwa da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun harhaɗa magunguna. Ina yawan ganin ana raba tataccen wiwi gida biyu, wanda aka yi da sinadarin narkarwa da wanda aka yi ba da shi ba. Mene ne ainihin bambancinsu? (Daga Zariya)

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗalibi. Abin da ake nema a jikin wiwi ba a ganyen yake da yawa ba. A furen macen shukar yake, cikin wasu ƙananan gashi masu ƙulli a kai, waɗanda sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu sosai. Cikin ƙullin nan ne danƙon yake, kuma danƙon ne ke ɗauke da THC mai bugarwa, da CBD wanda ba ya bugarwa, da sinadaran da ke ba shukar warinta. Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni ne suka fara ware THC shi kaɗai a Isra'ila a 1964. Duk wata tacewa manufarta ɗaya ce: a raba wannan danƙo da sauran shukar.

Ka ɗauki man gyaɗa. Matan da ke yin ƙuli-ƙuli suna soyawa, su niƙa, su murza har man ya fito, babu abin da ya shiga sai zafi da ƙarfin hannu. Manyan kamfanonin mai kuwa suna jiƙa niƙaƙƙen da sinadarin hekzen, ya narkar da man ya fito da shi kusan kakaf, daga baya a kori hekzen ɗin da zafi. To haka abin yake a nan.

Hanya ta farko tsohuwa ce. A tsaunukan Rif na Maroko, da kwarin Beka na Lebanon, da arewacin Afganistan, ana tankaɗe busasshiyar shukar a tara garin danƙon, a matse shi ya zama hashish. A Indiya da Nepal da tafin hannu ake murza ɗanyen furen a kankare abin da ya manne, suna ce masa caras. Sababbin hanyoyi biyu sun biyo baya: wankewa da ruwan ƙanƙara, domin sanyi yana sa ƙullin ya karye ya rabu da furen, sai kuma matsewa da zafi, wanda ke ba da abin da ake kira rozin, ya yaɗu a Amurka wajen 2015.

A hanya ta biyu ana amfani da butan, gas ɗin da ake ɗura wa laita, ko furofan, ko barasar itanol, ko iskar kabon dayoksaid da aka matse. Ita wannan ta ƙarshe idan zafinta ya wuce digiri 31 kuma matsinta ya kai kusan ninki 73 na matsin iskar da muke shaƙa, sai ta koma tana narkar da mai kamar ruwan sinadari, in aka saki matsin ta gudu ba ta bar komai ba. Kowanne da halinsa. Butan yana tafasa tun a kusan digiri sifili, saboda haka ana iya korarsa ba tare da an ƙona sinadaran ƙanshi ba. Itanol sai digiri 78, kuma ba ya zaɓe: yana kwaso koren ganye da kakin shukar, sai an ƙara tacewa. Akwai kuma mataki na gaba da ake tafasa man a tara tururinsa, a samu mai garai-garai mara wari, wanda THC ɗinsa kan kai kashi 85 zuwa 95 cikin 100. Shi ne galibi ake zubawa a sigarin lantarki da alewa.

Abu ɗaya ka lura da shi a kasuwa: wasu suna rubuta "babu sinadari" a jikin man da aka tace da sinadari sannan aka kore shi. Wannan dabam ne da wanda sinadari bai taɓa shi ba tun farko.

TAMBAYA: Ina zaune a Kanada, inda doka ta halatta sayar da wiwi a shaguna. Wani abokin aikina ya ce rozin ganye ne kawai da aka matse, ba a sa masa komai ba, don haka ba shi da illar da na gas yake da ita. Ƙanena da ke karatu a nan ya fara yarda da wannan magana. Gaskiya ne?

AMSA: Malam, maganar abokin naka tana da ƙanshin gaskiya a wuri ɗaya tak: ba za a samu ragowar butan a cikin rozin ba, tunda ba a sa shi ba. Daga nan gaskiyar ta ƙare. Ragowar gas ba ita ce babbar illar tataccen wiwi ba. Babbar illar ƙarfinsa ce, kuma a nan rozin da na gas kusan kunnen doki suke, duka biyun sukan faɗa tsakanin kashi 60 zuwa 80 da 'yan kai na THC.

Bari mu yi lissafi. Wiwin da hukumomin Amurka suka kama a 1995, matsakaicin THC ɗinsa kusan kashi 4 ne cikin 100. Zuwa 2014 ya kai kusan 12. Furen da ake sayarwa a shagunan Kanada da Amurka yau yakan kai 15 zuwa 25. Giram ɗaya na fure mai kashi 15 yana ɗauke da miligiram 150 na THC. Giram ɗaya na tatacce mai kashi 80 yana ɗauke da 800. Masu bincike a Amurka sun ɗauki miligiram 5 a matsayin awo ɗaya tun 2021, don haka giram ɗin nan awo 160 ne. Ɗan lakatan da bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na giram ba yana da miligiram 40, awo takwas ke nan, kuma a zuƙa ɗaya ko biyu ake shanye shi. Ƙwaƙwalwa ba ta tambayar ta wace hanya aka tace.

Me ya sa ƙarfi ya zama abin damuwa? A 2019 mujallar Lancet Psychiatry ta buga binciken da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Burazil. An samu cewa masu shan wiwi kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba shiga haɗarin taɓin hankali kusan ninki uku, masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan ninki biyar. To ka san me suka kira mai ƙarfi? Wanda THC ɗinsa ya wuce kashi 10. Tatacce ya ninka wannan sau shida zuwa takwas. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara tun yana matashi da wanda akwai taɓin hankali a danginsa. Shi ya sa lardin Kebek, a nan ƙasar da kake, ya hana sayar da duk abin da ya wuce kashi 30, jihar Bamont ta Amurka kuma ta tsayar da daskararren tatacce a kashi 60. Ba su ware rozin sun ce shi ya wuce ba.

Sai ƙazanta. Duk abin da manomi ya fesa wa shukar yana nan manne da danƙon, kuma tacewa tattara shi take yi, ko da wace hanya. Akwai maganin fumfuna da ake kira maikulobutanil, an yarda da shi a gonar inabi, amma idan ya ji wuta yana fitar da gubar sayanaid. A 2016 da 2017 an janye wiwin magani daga kasuwar Kanada saboda an same shi a ciki. A wani ɓangaren ma wanda ba na sinadari ba ya fi rauni: ruwan ƙanƙara da rariya ba sa kashe ƙwayoyin cuta, kuma hashish ɗin da aka wanke da ruwa in bai bushe sarai ba fumfuna yake yi daga ciki. Fumfunar da ake kira asfajilus tana iya kama huhun mai raunin garkuwar jiki, kamar mai cutar ƙanjamau ko wanda ake yi wa maganin daji. Hashish na bayan fage kuwa ba a magana. Masu bincike a wata jami'ar Madrid sun gwada samfuri 90 da aka saya a titunan birnin, suka buga sakamakon a 2019: mafi yawansu ba su cancanci shiga jikin mutum ba, saboda ƙwayoyin cutar da ke cikin bayan gida. Dalili shi ne 'yan fasa-ƙwauri haɗiye ƙullin hashish ɗin suke yi su tsallaka iyaka da shi.

Na ƙarshe, yadda ake shansa. Ana ɗora shi kan ƙarfe ko gilashi mai tsananin zafi a zuƙi tururin. Wani bincike na wata jami'a da ke birnin Fotlan na Amurka a 2017 ya nuna cewa idan zafin ya yi yawa, sinadaran ƙanshin da kansu suna rikiɗewa su ba da benzin, mai jawo dajin jini, da wani sinadari mai ƙona hanyar numfashi. Su waɗannan sinadaran ƙanshi su ne abin da masu tallar rozin suke alfahari da yawansu.

Abin da za ka gaya wa ƙanenka ke nan. Tsadar rozin daga ƙarancin abin da ke fitowa ne da wahalar aikin, ba shaidar lafiya ba ce.

TAMBAYA: Ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen abinci. A ƙasashen da suka halatta, yaya ake tabbatar da cewa sinadarin ya fita, kuma me takardar gwajin ke nunawa? (Daga Kano)

AMSA: Abokin aiki, aikin ba baƙo ba ne a wurinka. Ana saka ɗan samfuri a kwalba a rufe ruf, a ɗumama, a ɗebi iskar da ta taru a saman kwalbar a tura ta na'urar kuromatogirafi ta gas, mai rarrabe sinadarai tana auna yawan kowanne. Iyakokin kusan daga ƙa'idar magunguna aka aro su. A Kalifoniya, butan da furofan da itanol kowanne bai kamata ya wuce kashi 5,000 cikin miliyan ba, hekzen 290, benzin kuwa 1 kacal. Benzin ɗin ba da gangan ake sa shi ba, yana zuwa ne a matsayin dattin gas mara kyau, kuma da yake ya fi butan wuyar tashi, yana iya zama bayan butan ya gudu. Wannan ne ya sa shaƙa da hanci ko kallon launi ba sa gaya maka komai.

Ƙarfi kuma da kuromatogirafi ta ruwa ake auna shi, saboda dalili mai muhimmanci. A ɗanyen danƙo yawancin THC yana nan ne a siffar THCA, wanda ba ya bugarwa sai zafi ya cire masa kabon dayoksaid. Na'urar gas tana da zafi, za ta juya shi kafin ta auna. Don samun jimla, ana ninka THCA da 0.877 a haɗa da THC. Takardar da ta nuna THCA 80 da THC 3 tana nufin kusan 73. Wanda bai san wannan ba sai ya ga 3 ya ce ai mai sauƙi ne.

Cikakkiyar takarda tana da ƙarfi, ragowar sinadari, magungunan feshi, ƙarafa huɗu (dalma, kadmiyom, asenik da zaiba), ƙwayoyin cuta da gubar fumfuna. Dole lambar rukunin da ke takardar ta yi daidai da ta jikin kwalin, a ga ranar gwaji da sunan ɗakin gwajin. Matsalolin da aka sani: mai kaya ya zaɓi samfurin da zai aika da hannunsa, ko ya yi ta canza ɗakin gwaji har ya samu mai rubuta masa lamba babba, ko a manna takardar wani rukuni a kan wani. An soke lasin ɗakunan gwaji a jihohin Amurka da dama kan irin wannan. Kayan da ya iso Kano ko Maraɗi ta hannun 'yan fasa-ƙwauri kuwa, kwalinsa da tambarinsa duk ana sayar da su wayam a intanet.

TAMBAYA: Na ga bidiyo ana yin man da gwangwanin gas na laita, kamar abu ne mai sauƙi. Ku ɗan yi bayanin yadda ake yi, kuma me ya sa ake cewa yana fashewa?

AMSA: Yadda ake yi ba za ka samu a wannan fili ba, ɗan'uwa. Dalilin fashewar dai ga shi, don ya shafi maƙwabta ma.

Ruwan butan idan ya koma iska yana faɗaɗa fiye da ninki 200. Ya fi iska nauyi kusan sau biyu, don haka ba ya tashi sama ya fita ta taga. Ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya sauka matakala, ya taru a kwata ko bayan gida. Da zarar ya kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya isa kamawa, kuma yana kamawa har zuwa kashi 8 da ɗoriya. Gwangwani ɗaya ya isa ya cika ƙasan ƙaramin ɗaki da wannan adadi. Ba sai da ashana ba. Injin firji idan ya tashi, makunnin fitila, fanka, caja, dawowar wutar lantarki ba zato, har tartsatsin da riga ke yi, kowanne ya isa. Gas ɗin girki ana sa masa wari don a gane yana yoyo, na laita mai tsabta kusan ba shi da wari.

Jihar Kolorado ta fara sayar da wiwi a shaguna a Janairun 2014, kuma a wannan shekarar aka ƙirga fashewa fiye da 30 a gidaje saboda wannan aiki. A 2015 jihar ta mayar da shi babban laifi ga wanda ba shi da lasin. Kanada da ta halatta wiwi a Oktoban 2018 ta hana tacewa da irin waɗannan sinadarai a gida. Kamfanoni masu lasin suna aiki da rufaffun tukwanen ƙarfe da ke mayar da gas ɗin cikin tanki, a ɗakin da aka tsara wayoyinsa don kada su yi tartsatsi, da na'urar da ke ƙara idan gas ya fita. Duk da haka ana samun haɗari.

Idan ƙuna ta auku, ta wannan ko ta tukunyar gas ɗin girki: a fitar da mutum waje, a zuba ruwa mai sanyi na famfo kan wurin har minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo kafin kumburi, kada a fizge tufar da ta manne. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko gishiri. A rufe da tsabtataccen ƙyalle ko ledar naɗe abinci. Wanda wuta ta taɓa fuskarsa, gashin hancinsa ya babbake ko muryarsa ta dishe, a kai shi asibiti nan take ko da yana cewa lafiya lau, domin maƙogwaro na iya kumbura ya toshe bayan 'yan sa'o'i.

TAMBAYA: Na tsinci wani abu kamar biro a jakar ɗana mai shekara 19, da ɗan gilashi mai ruwan mai launin zuma. Ya ce na ƙanshi ne kawai. Hankalina bai kwanta ba. (Wata uwa daga Kaduna)

AMSA: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Abin da kika kwatanta sigarin lantarki ne. Ruwan cikinsa na iya zama nikotin, na iya zama man wiwi, kuma da ido ba za a rantse ba, sai dai man wiwi ya fi kauri, in kika kifa gilashin kumfar ciki da ƙyar take motsi.

Wannan kaurin ne ya jawo annoba a Amurka a 2019. 'Yan bayan fage sun riƙa sirka man da wani nau'in bitamin E, don ya yi kauri kamar na gaske. Shafa shi a fata ko haɗiyarsa ba matsala, amma zuƙarsa tana lalata huhu. Zuwa Fabrairun 2020 hukumar CDC mai kula da cututtuka a Amurka ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar ko suka rasu, yawancinsu matasa, kuma 68 daga ciki sun rasu. An samu sinadarin a ruwan huhun 48 cikin majinyata 51 da aka gwada. Alamun su ne tari, sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, zazzaɓi, amai da gudawa. Yaron da ke amfani da wannan abu ya zo da su, a gaya wa likita gaskiya, don ana iya ɗaukarsa ciwon sanyin huhu ko maleriya. Ƙarfen da ke ɗumama man kuma, a masu arha, yana sakin dalma da nikel.

A ƙasashenmu akwai ƙarin haɗari: abin da ke ciki ƙila ma ba wiwi ba ne. Wanda matasa ke kira kolos ko kolorado galibi ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta, mai kama wurin da THC ke kamawa a ƙwaƙwalwa da ƙarfin da ya ninka nasa, yana jawo jijjiga, suma da lalacewar ƙoda. A Saliyo, kush ya kai Shugaba Julius Maada Bio ga ayyana dokar ta-ɓaci a Afrilun 2024, kuma gwaji ya nuna irin waɗannan sinadarai a cikinsa da wasu dangin tiramol da kodin masu tsananin ƙarfi da ke tsayar da numfashi.

Ki zauna da shi lokacin da yake garau, ke kaɗai ko da mahaifinsa, ba a gaban ƙannensa ba. Ki tambayi tun yaushe, sau nawa, daga ina. Gwajin fitsari na kanti yana kama wiwi, har kusan wata guda ga mai sha kullum, amma yawanci ba ya kama kolos, don haka sakamako mai tsabta ba hujja ba ce. In kika ga ya fara zargin ana binsa, yana jin muryoyi, ko ya daina barci kwana da kwanaki, kada a jira. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa nan Kaduna, akwai a Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. Ki kuma ɓoye abin daga ƙananan yara. Yaron da ya haɗiye man ko alewarsa yakan yi tangaɗi, barci mai nauyi, wani lokaci numfashi ya ragu. Asibiti za a nufa da shi, kada a ɗura masa madara ko manja yana magagi.

TAMBAYA: 'Yata tana da farfaɗiya mai wuyar magani. An ce min man CBD yana aiki, kuma in nemi wanda ba a tace da sinadari ba. Me kuka gani?

AMSA: Allah ya ba ta lafiya, Malam. Akwai gaskiya a batun CBD, amma shawarar da aka ba ka ta juya abin. Maganin da aka tabbatar shi ne Epidiolex, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a Yunin 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara biyu masu tsanani, Dravet da Lennox-Gastaut, aka ƙara na uku a 2020. CBD ne da aka tace da sinadari aka tsarkake, miligiram 100 a kowane mililita, cikin man riɗi. Sativex da Birtaniya ta amince da shi a 2010 don sandarewar jijiyoyi shi ma da kabon dayoksaid aka tace shi, kowane feshi ɗaya yana ba da miligiram 2.7 na THC da 2.5 na CBD. Magani yana bukatar kwalbar yau ta zama daidai da ta gobe, kuma hanyar sinadari ce ke ba da haka. Danƙon da aka matse yana zuwa da duk THC ɗin da ke shukar, yawansa kuma yana canzawa daga girbi zuwa girbi. Wannan ba abin ba yarinya ba ne.

Shi kansa Epidiolex ana bayar da shi gwargwadon nauyin yaro, ana duba hanta da gwajin jini, musamman in tana shan maganin farfaɗiya na balfurowet, kuma yana ƙara ƙarfin kulobazam, wani maganin farfaɗiyar, har yaro ya riƙa yawan barci. Kwalaben intanet kuwa, wani bincike da mujallar JAMA ta buga a 2017 ya gwada 84, ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ke ciki, kuma an samu THC a 18. Ka nemi a tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwar yara a asibitin koyarwa, a tantance nau'in farfaɗiyar. Kada a dakatar da maganin da take sha kwatsam, yin haka na iya tayar da farfaɗiyar da ba ta tsayawa.

TAMBAYA: Tunda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sassauta, shin doka a Najeriya tana bambanta mai da ganye?

AMSA: Ba ta bambantawa. Abin da ya faru a Disambar 2020 shi ne an cire wiwi daga jeri na huɗu (na ƙwayoyi mafiya haɗari) na yarjejeniyar miyagun ƙwayoyi ta 1961 da ƙuri'a 27 kan 25, ya ci gaba da zama a jeri na ɗaya, wanda shi ma ake tsananta wa, kuma Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Dokar NDLEA ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 kan mallaka, ɗaurin rai-da-rai kan shigowa da shi, nomawa ko sarrafawa, ko da yake kotuna kan yanke ƙasa da haka. A Nijar ma haramun ne a doka. Gana ta yarda da noman wanda THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 ba, da lasin, don masana'antu da magani. Maroko ta yi doka a 2021 don magani da masana'antu kawai. Matafiya su kula: abin da aka saya a shago mai lasin a Toronto laifi ne a filin jirgin Abuja, a Saudiyya kuwa safarar ƙwaya tana kai ga hukuncin kisa.

TAMBAYA: Na daɗe ina sha, kwanan nan na koma tatacce. Yanzu kusan kowane wata sai na yi kwanaki ina amai, ba abin da ke sauƙaƙa min sai wanka da ruwan zafi. An yi min maganin olsa da taifot ba canji. Ina son in bari.

AMSA: Ɗan'uwa, wankan ruwan zafin nan da ka ambata alama ce da likitoci suka sani. Wasu likitoci a kudancin Ostareliya ne suka bayyana ciwon a 2004: amai mai zuwa yana komawa ga mai shan wiwi na dogon lokaci, da ciwon ciki, da tashin zuciya da safe. Magungunan amai na yau da kullum ba sa yi masa aiki sosai. Canzawa daga na gas zuwa rozin, ko komawa ganye, ba ya warkar da shi. Bari gaba ɗaya ne ke warkarwa, kuma in an koma yana dawowa. Haɗarinsa bushewar jiki ne da taɓuwar ƙoda. In ka yini ba ka iya riƙe ruwa a ciki, fitsari ya ragu ya yi duhu, ko ka ga jini a aman, ka je a ƙara maka ruwa, ka kuma gaya wa likita abin da kake sha don a daina yi maka maganin cutar da ba ka da ita.

Idan ka bari, ka sa ran wahala daga kwana na ɗaya ko na biyu: saurin fushi, rashin barci, mafarkai masu firgitarwa, gumi, rashin cin abinci. Ta fi tsanani tsakanin kwana na biyu da na shida, yawanci ta lafa cikin mako biyu zuwa uku, barci ne kan ɗauki wata ko fiye kafin ya daidaita. Wanda ya saba da tatacce yakan fi jin jiki. Ka fitar da kayan shan daga ɗakinka tun ranar farko, ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi, ka bar shayi mai kauri da kofi bayan la'asar, ka riƙa tafiyar ƙafa ta rabin sa'a kullum. Kada ka maye gurbinsa da tiramol, ko kodin, ko ƙwayar barci ta kemis. In rashin barcin ya gagara, ko ka ji tunanin cutar da kanka, sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa da kai yana karɓar irin wannan ba sai an kwantar da kai ba.